Rawanin da Alƙali Ya Sa Aka Cire

Ranar Litinin ɗin nan na dama koko da asuba kamar kullum. Maigidana, Malam Iro, ya zuba wa shanun huɗa dusa, ya sa takardar sammaci a aljihu. Kwamitin bincike ne ya kira shi ya faɗi yadda aka kwashe mutanen ƙauyenmu a gona bara. Shi kaɗai ya ga wanda ya nuna wa 'yan bindiga hanya. Ya naɗa farin rawaninsa, ya ja amawali har ƙarƙashin ido. Na bi shi.

Ƙarfe goma muka shiga zauren. A cike yake, har ta taga ana leƙe. Alƙali na tsakiya, tsoho mai tabarau, da ruwan gora a gabansa. Tun a waje wani lauya ya faɗa mana alƙalin yana da ikon ya fitar da kowa, ya rufe ƙofa, ya saurari mai shaida a asirce. Malam ya roƙi hakan sau biyu.

"Nan ba a ɓoye-ɓoye," in ji alƙali. "Cire rawanin nan! Faɗi sunanka, da na mahaifinka, da ƙauyenku."

Malam ya cire. Ya faɗa. Ya kuma ambaci Ɗanjuma, mai kai wa 'yan bindiga fetur daji, ya ce shi ya nuna musu hanya. Ƙanen Ɗanjuma na zaune a benci na uku. Na ga lokacin da ya fita da waya a kunne. Alƙali ya duba agogo, ya ce a tafi cin abinci.

Ranar Alhamis, ana idar da la'asar, ina tankaɗe na ji babura ta yamma. Ba su kalli shanu ba. Ba su taɓa rumbun kowa ba. Kai tsaye ƙofarmu suka tsaya.

"Ina mai bakin? Ku hiddo shi!"

Na haura danga ta bayan gida, Malam ya ɗaga 'yarmu Asabe ya miƙo min ita ta sama. "Ki tahi! Kak ki waiwayo!"

Na faɗa gonar dawa da ita a kafaɗa. Ban kai rafi ba na ji harbi uku, a jere. Sai shiru. Sai wasu biyu. Ƙaya ta yaga min ƙafa, ban sani ba sai da na ga jini a zanena. Na toshe bakin Asabe da hannu har ta cije ni. Ana kiran magariba muka shiga Tafoki, garin da ke kusa da mu.

Ban yafe wa Ɗanjuma ba. Amma shi tun da can na san abin da yake. Alƙalin nan ne nake kai ƙararsa wurin Allah duk sujada. Kalma ɗaya ce a bakinsa, "a rufe ƙofa", ya ƙi faɗinta. Shi da rakiyar motocin 'yan sanda biyu ya koma gida. Allah Ya tsayar da shi a gaban waɗanda yake tsoro, ba komai a fuskarsa, a ce ya faɗi sunansa da ƙarfi. Ina so in kasance a benci na uku.

Ranar Juma'a da hantsi maza suka koma ɗauko gawa. Uku ne: Malam, da wansa Baba Audu, da maƙwabcinmu da ya fito ba da haƙuri. Kasuwa ba ta ci ba, likkafani bai isa ba. Da rawanin aka rufe wa Malam fuska. Ba wanda ya ce a cire.