Maƙogwaron Mai Kunun Tsamiya

A Tudun Wada, bakin hanyar da leburorin sabon layin dogo ke bi, wata dattijuwa tana zaune gaban tukunyar kunun tsamiya. Siririya ce, gefen bakinta na hagu ya ɗan saki, kamar wadda ciwo ya taɓa kayarwa. Kafin ta zuba wa mutum, sai ta ɗebi kunun a ludayi yana tururi, ta kurɓa, ta haɗiye, ko ido ba ta ƙiftawa.

"Ya huce, Malam, sha abinka."

Na kurɓa. Wuta ta bi maƙogwarona har ƙirji, tsami ya rufa mata baya.

"Inna, wannan ne ya huce?"

Ko sannu ba ta ce mini ba. Hawayena take dubawa a tsanake, sannan ta ƙara ruwa a tukunya. Ina jin bakinta da maƙogwaronta sun daina sanar da ita zafi ko tsami. Kurɓar nan ta ganin ido ce, kada masu saye su gane su koma wajen maƙwabciyarta. Kowace safiya sai ta ari maƙogwaron wanda ya fara zuwa. Yau ni na yi sammako.