Irin Geron Yaya Habu

Ni na yi laifi, ba wanda ya tura ni. Samari, ku ji daga bakina kafin ƴan tsegumin Matameye su sa gishiri.

Manomi ne ni, gona ɗaya muke nomawa da yayana Habu. Da satar damin gero na fara, in zare daga rumbu in kai kasuwar Kance. Ranar da zan tafi cin rani na kwashe har irin shuka da Yaya ya rataye a ɗaka, wai zan maido kafin ruwan fari. Daga Kano na wuce Ikko, na faɗa Kwatano cikin masu fasa kaya a tashar jirgin ruwa. Can jandarmomin Faransa suka kama ni da bandirin yadin sata a ka.

Aka ɗaure mu biyu-biyu da sarƙa, ni da sauran fursunoni, aka jibge mu a ƙasan jirgi kamar buhunan gyaɗa. Ni ɗan tudu, ko kwalekwale ban taɓa hawa ba, amai na yi ta yi har tsibirin da aka kai mu fasa dutse. Gardi ya ce in roƙi gafarar Nasara a rage mini bulala. Na ce, "Ba geronsa na ci ba." Bayana ya sha, bakina bai roƙa ba.

Da aka sake ni na dawo, yara suna bina da "ɗan jirgi". Ban sunkuyar da kai ba, har yau kuwa. Na biya hukuma da fatata. Yaya ya bar ni in kwana a zaure, amma tuwona daban ake zubawa. Matarsa ce ta gaya mini: "Shekarar da ka tafi ba mu yi shuka ba. Ƙwadago ya yi ta yi a gonakin ƙannen bayansa, kuma bai taɓa faɗin wanda ya ɗauki irin ba."

Ku masu shirin cin rani, abin da aka ajiye don shuka kada hannunku ya kai gare shi. Zaman gidan kaso yana ƙarewa, wannan bai ƙare mini ba.

Rannan na sami Yaya a gona yana ƙota hauya. Bai ɗago ba, ya ce, "Ɗan jirgi, ba teku a nan."

Na ce, "Yaya, ni na kwashe irin. Na bar ka da yunwa, ka rufa mini asiri. Ka yafe mini, ko da ba za mu sake sa hannu a akushi ɗaya ba."