Kawu Abari da 'Yan Kokawar Unguwarmu

A hannun kakata Iya Fanna na tashi, a Gure, cikin shekarun da suka biyo bayan yunwar fara, tun kafin Nasara su shiga babban yaƙinsu na biyu. Idan an gama sussuka sanyi ya shigo, da an ci tuwo sai ta hura wuta da karan gero a bakin ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Kowa yakan zauna, ban da Kawu Abari, ƙanen mahaifiyata, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya.

Ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana yaro, bai taɓa shiga fage ba. Amma duk garin babu wanda ya ɗauki kokawa da zafi kamarsa. Duk shekara bayan girbi samarin garin Gidigir sukan zo su kara da namu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin sun koma ba tare da kiɗa da guɗa ba. Wannan bai hana Kawu komai ba. Ya san wanda ya yi ƙiba cikin samarinmu, ya san wanda mura ta kama, ya san wanda yarinya ta ɗauke wa hankali. Shi ke bin su gida gida da gumba a ƙwarya.

A shekarar da nake ba da labari zuciyarsa duk tana kan Ari, wani saurayi mai dogayen hannuwa wanda ya kayar da duk sa'anninsa a cikin gari. Yunwa ta riga ta kwashe samari da yawa, sun yi kudu neman aikin dako a Nguru, inda jirgin ƙasa ya iso. Ari ma ya faɗa a fili cewa idan bayansa ya taɓa ƙasa bana, ba abin da zai tsayar da shi, zai bi su. Kawu ya san in Ari ya tafi, sauran ba za su zauna ba.

Ana gobe karawa, ya kasa cin tuwo. Ya zauna, ya miƙe, ya dogara sandarsa ya je ƙofar gida, ya dawo. Ya tambaye ni ko na ji an ce baƙin sun iso, alhali shi da kansa ya gan su da la'asar.

"Abari," in ji Iya, "kana tayar mini da toka cikin ido. Zauna."

"Inna, kin ga wanda suka zo da shi? Turmi suke ce masa. Wuyansa kamar na bijimi. Amma ƙafarsa ta dama ba ta da sauri, na lura. In Ari ya shiga ta nan..."

"Na ce ka zauna. Ku kuma ku kawo kunne, ga wata tatsuniya ta zo, ba ta jiran mai yawo."

Ya zauna a bakin tabarma, sandar a kan gwiwarsa.

Ta ba mu labarin wani makaɗi a wani gari mai rijiya ɗaya, wanda yake wa ɗan kokawar garinsu kiɗa. Duk shekara sai an kayar da gwaninsa, duk shekara makaɗin sai ya rame don zullumi kafin ranar ta zo. Wata rana yana yankan fata a gindin tsamiya sai aljanin bishiyar ya yi masa magana, ya ce ya gaji da jin ajiyar zuciyarsa, zai sa bayan gwaninsa ya daina taɓa ƙasa har abada. Makaɗi ya yi murna ya karɓa. Gwani ya yi kaye a shekarar, ya yi a ta gaba, ya yi a wadda ta bi ta. Makaɗi ya sami barci, ya yi ƙiba. Daga nan garuruwa suka daina aiko da samarinsu, don ba mai son tafiyar da ya riga ya san ƙarshenta. Mata suka daina barin daka su fito kallo. Ciyawa ta rufe fagen. Ran da makaɗi ya ɗauko gangarsa ya buga, sai ya ji hannunsa ya manta kiɗan.

Iya ta gyara itace cikin wuta, ta sassauta murya yadda takan yi idan aljani zai yi magana. "Ya koma gindin tsamiya. Aljani ya ce, me kuma kake so, ba na ba ka ba? Ya ce, ka mayar mini da faɗuwar gabana. Aljani ya ce, ai na ba wa wani makaɗi a garin gaba, shi kuma ya ƙi sakinta. Nan na ajiye muku ita."

Kawu ya kalli garwashi, ya ce, "Inna, ni dai da na karɓi tayin aljanin. Shekara ɗaya ma ta ishe ni."

Iya ta yi dariya har da tari. Shi kuwa ya miƙe ya fita, ya ce zai je ya ga ko Ari ya rufa da kyau, kada sanyi ya kama masa kafaɗa.

Washegari bayan la'asar gari ya taru a fage. Mu 'yan mata muna gefe muna tafi. Ari ya kayar da na farko kafin makaɗa su gama kirarinsa, na biyu ma bai daɗe ba. Na hango Kawu yana zagaya fagen da sanda, bakinsa na motsi. Sai Turmi ya shigo. Suka riƙe juna har rana ta yi ja, ba wanda ya gusa. Ari ya kai hannu ga ƙafar dama, daidai inda Kawu ya nuna masa, Turmi ya yi tangaɗi har mutanenmu suka fara tashi tsaye. Ban san yadda aka yi ba. Na dai ga Ari a ƙasa, yashi a bayansa, gangunan Gidigir sun cika gari.

Kafin kasuwa ta zagayo Ari ya bi ayarin raƙuma zuwa kudu, wasu samari suka bi shi. Kawu ya raka su har bayan gari, ya ba Ari layar da ya ɗinka masa. Da ya dawo ya shiga ɗaki, ya yi kwanaki bai fito ba. Iya takan aike ni da fura in ajiye masa a bakin ƙofa. Ari bai sake dawowa Gure ba. Kawu kuwa da damina ta wuce ya koma bin waɗanda suka rage, yara ƙanana da ba su kai komai ba, yana gyara musu tsayuwa. Har ya rasu bai ga ranar da aka kori Gidigir da kunya ba.

Na daɗe ina ɗauka Iya ta ba da tatsuniyar nan ne don ta kwantar masa da hankali, kuma na ɗauka ba ta yi aiki ba. Sai da na tsufa, jikana ya shiga kwaleji a Damagaram yana buga wa 'yan makarantarsu balo, wato ƙwallon ƙafa, na ga kaina ina tsayar da duk wanda ya sauko daga mota ina tambayar yadda wasa ya ƙare, ni da ban san ko mutum nawa ke bugawa ba. A lokacin na gane Iya ba magani take ba shi ba. Ta san ɗanta, ta san ƙafarsa ta hana shi noma mai yawa, ta hana shi tafiya kudu kamar kowa. Abin da ke tayar da shi da safe shi ne wannan zullumin, kuma a gaban jikokinta take so ta nuna cewa ba wauta ba ce. Mu yara muna yi masa dariya a ɓoye kafin wannan dare. Bayansa ban ƙara jin ɗayanmu ya yi ba.