Ranar da Yaya Ta Tara Mu

Yayarmu tana da shekara goma sha tara Inna ta rasu, Baba kuwa ya riga ta da shekara biyu. Mu uku aka bar mata. Akwai Likita, wanda tun yana firamare muke kiransa haka, ga shi yau gyaran mota yake yi. Akwai Malama. Sai ni auta, lokacin ina shekara huɗu.

Ta ajiye karatun da ta fara, ta kama aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. A nan ta koyi ɗibar jini, ta yi kwas, ta samu takardarta. Shekara ashirin da shida ke nan tana zama kan kujera ɗaya a gefen taga, ga auduga, ga igiyar roba ta ɗaure hannu, ga ƙananan kwalabe masu murfi kala-kala. Hannunta ba zafi. Iyaye mata kan bar layi ya wuce su, su ce su dai ita suke jira ta ɗebi na 'ya'yansu.

Manema sun zo mata, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai ta ce a bari Likita ya gama koyon sana'a, sannan a bari Malama ta gama kwaleji, sannan ni. Ko da muka gama, masu zuwa sun daina zuwa. Mu ma muka saba. Duk Asabar sai mu jibge mata yaranmu mu kama gabanmu, ko tambayarta ba ma yi.

Wata Laraba ta turo mana saƙo: "Ku zo Asabar ƙarfe huɗu. Kada a zo da yara. Ina da magana."

Malama ta kira ni. Ta ce mutumin da ke aiki a ɗakin gwaji, in ya ce yana da magana, to sakamakonsa ya gani. Likita ya ce shi dama ya lura ta rame. Kwana ukun nan ba wanda ya ci abincin kirki a cikinmu.

Muka same ta a falo ta haɗa shayi, tana sanye da wata riga ruwan toka da ban san ta da ita ba. Ba wanda ya taɓa kofinsa. Likita ya gyara murya ya ce, "Yaya, ko mene ne ki faɗa mana. Duk inda ake maganinsa za mu kai ki."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sai dariya ta ƙwace mata har ta ajiye buta.

"Lafiyata ƙalau. Aure zan yi."

"Ramar fa?" in ji Likita.

"Tattaki muke yi kullum bayan na tashi aiki. An ce wa wanda zan aura ya riƙa tafiya saboda ciwon suga, ni kuma ina raka shi."

Wani kafinta ne, in ji ta. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, 'yarsa ɗaya ta yi aure. Duk wata uku yakan zo gwaji. Ƙaton mutum, amma da ya ga allura sai ya juya fuska bango ya hau ba ta labarin katako, wanda ke tsagewa da wanda gara ba ta ci. Ran nan ya shigo layi ya zauna, ta ce ina takardarka, ya ce yau ba jini ya kawo ba, magana ya kawo.

Malama ta ce, "Amma Yaya, a waɗannan shekarun? Kuma ranar Asabar yaran wa zai..." Ta haɗiye sauran da kanta.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. "Na rene ku, na reni naku, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma ba shawara na kira ku ba. Albishir nake yi muku."

Ni na fara tashi na rungume ta. Malama ta biyo ni tana kuka tana ba da haƙuri, Yaya tana ce mata ta yi a hankali kada ta ɓata mata riga. Likita ya tsuke fuska, wai shi namijin gida, ya ce ya kamata mutumin ya zo su gana.

"Yana bakin ƙofa tun uku da rabi," in ji Yaya.

Sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Ya gaishe mu kowa da sunan da Yaya ke kiransa, har ya san sunayen yaranmu. Likita ya tambaye shi ko ya san wadda zai ɗauka. Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na yi shekara biyu ina tara ƙarfin hali." Daga nan hira ta koma kan wata tsohuwar motarsa da ke ƙin tashi da safe, Likita ya manta da tsuke fuskar.

Yaya ta ɗauki waya ta kira Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda kunnenta ya yi nauyi. Ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Gwaggo, aure za a yi a gidan nan."

"Auta kuma? Ba tana da miji ba?"

"Ba Auta ba. Ni ce."

Can muka ji Gwaggo tana ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta katanga, ta manta wayar na kunne. Yaya ta ajiye ta kan tebur ta jingina da kujera, muka zauna muna sauraron labarinta yana tsallakawa gida na gaba.