Matar da ta zo neman babana

Babana tela ne a unguwar Wunti cikin garin Bauchi, fiye da shekara talatin yana taka keke a shago ɗaya. Kowa ya san shi ɗan gidan kakanmu ne, amma tun ina yarinya na lura ba a kiransa in 'yan'uwansa za su yi shawarar gida. Sai an gama a gaya masa. Bai taɓa ƙorafi ba. In na tambaye shi me ya sa bai yi kama da baffannina ba, sai ya ce kakarsa ya ɗauko, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu, wata abokiyar aikina ta dawo daga Ingila da kayan gwajin DNA, wanda ake tofa yawu a 'yar kwalba a aika waje, a gaya wa mutum inda jininsa ya fito. Don sha'awa kawai na yi. A gidanmu ana cewa kakan kakanmu malami ne daga Borno, na so in gani da idona.

Bayan wata biyu sakamako ya shigo wayata. Rabin jinina daga kudu maso gabashin ƙasar nan yake. A ƙasa kuma ga jerin waɗanda jininmu ya haɗu, ta farko wata mata ce a Fatakwal, kusancinmu irin na 'ya'yan wa da ƙani.

Ita ta fara rubuto min. Ta ce a Bauchi aka haifi mahaifiyarta, kakanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Da rikici ya ɓarke gab da yaƙin basasa suka gudu, suka bar jaririnsu mara lafiya a hannun maƙwabciya da niyyar dawowa. Iyayen ba su tsira daga yaƙin ba. Da mahaifiyar tata ta girma sai ta zo Bauchi neman ƙaninta, ta gane gidan, aka ce mata yaron ya daɗe da rasuwa. Ba ta taɓa yarda ba, har ta mutu bara.

Na hau keke na tafi Fadaman Mada wurin goggona, babbar 'yar kakanmu. Na zaci za ta musa, ko ta yi kuka. Na same ta tana tsinkar zogale, na karanta mata saƙon, hannunta bai ko tsaya ba. Ta ce ta tuna matar sarai, doguwa ce, Hausarta a karye. Ranar da matar ta zo, kakarmu ta fitar da babana ta ƙofar baya ta aike shi kasuwa, lokacin yana ɗan shekara goma sha uku. Goggo ta ce da an ba da shi, da ya tashi a wani addini, su kuwa sun yi masa gata.

"Goggo, shi ya sani?"

"Wa zai gaya masa? Mun ci da shi, mun sha da shi, mun yi masa aure. Me ya rasa?"

Na ce to in har ɗan gida ne, me ya hana a riƙa zama da shi in za a yanke magana? Sai a nan ta ɗago ta dube ni.

"Wannan kuma maganar jini ce, 'yar nan."

Washegari baffana ya kira ni, ya ce kada in kuskura maganar ta fita, ƙannena mata ba su yi aure ba tukuna. Innata ma da na tambaye ta, ta ce ta ji raɗe-raɗi tun kafin a ɗaura musu aure, ta ga ba amfanin tada shi. Ashe unguwa duka ta sani, daga shi sai mu ne ba mu sani ba.

'Yar'uwata ta Fatakwal ta gayyace ni sau uku, tana so in ga gidansu da kabarin mahaifiyarta. Ban je ba har yanzu. Za su tambaye ni yadda aka riƙe shi, ni kuwa ban san me zan ce ba. Da Sallah na je gaida goggo kamar kullum, na durƙusa, ta tambaye ni aiki, na ce lafiya lau.