Ranar da Baba Inuwa Bai Gaishe Ni Ba

Har gobe ban manta da wata safiyar damina ba, a shekarata ta biyu a ɗakin kula da zirga-zirgar jiragen ƙasa. Ku sababbi ba ku tarar da Baba Inuwa ba, to bari in ba ku labarinsa.

Aikinmu a ɗakin nan ba jirgin da zai bar tasha sai da izininmu, kuma mu ke da ikon tsayar da shi a hanya. Idanunmu su ne masu duba layi, waɗanda ke bin dogo da ƙafa suna duban ƙarfe da kwalbati. A da in sun ga matsala, sai dai su ruga da jar tuta su tari jirgi. Da aka raba musu wayar salula, aka sa wa kowane direba layin waya biyu, sai aka kafa doka: in ka kira, faɗi inda kake, faɗi abin da ka gani, ka kashe.

Nan fa ake yin ta da Baba Inuwa. Dattijo ne mai duba layi, ɗan Ƙofar Na'isa, kuma a wurinsa fara magana ba gaisuwa rashin tarbiyya ne. In ya kira sai ya tambayi kwana, da gajiya, da mutanen gidanmu na Yakasai, har da ciwon gwiwar mahaifiyata. Ogammu ya yi faɗa har ya gaji. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, waya ce ta zo ta same mu, ba mu muka same ta ba." Ni ma nakan tsokane shi in ce zai cinye wa gwamnati kati a kan gwiwar Hajiya. Amma gaskiya ina son kiransa.

Ran nan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jirgin fasinja ya baro tasha ta ƙarshe yana nufo Kano, ni na ba shi hanya da bakina. Sai waya ta yi ƙara.

"Hajara, tsayar da jirgi. Kwalbatin bayan gada. Ruwa ya cinye ƙasa, dogo a sama yake."

Ko sallama babu. Ƙa'ida ta ce in maimaita masa in tabbatar, amma hannuna ya riga ya kai kan lambar direba. In Baba Inuwa ya kira bai yi gaisuwa ba, maganarsa ba ta buƙatar shaida.

Layin farko bai shiga ba, hadari ya tafi da sabis. Na tuna taragon nan cike da mata da yara da 'yan kasuwa. Na kira na biyu ina salati. Ya yi ƙara, ya sake, sannan Malam Bello direba ya ɗauka.

"Malam Bello, birki! Yanzu!"

Ta cikin wayar na ji kukan ƙarfe. Jirgi ba mota ba ne, sai ya ja tafiya kafin ya tsaya. Can Malam Bello ya ce, "Mun tsaya. Ga Baba can ina hango shi da tuta, ga ramin a bayansa. Innalillahi."

Na sanar da oga, aka rufe layi, aka tura masu gyara. Ina zaune sai wayar ta sake ƙara.

"'Yata, ki yafe ni, ɗazu na yi miki rashin ladabi. Ina kwana?"

Kuka ya ƙwace mini a gaban kowa. Oga ya karɓi wayar, ya amsa gaisuwar daga farko har ƙarshe.

Saboda haka ku bi doka, ku yi caji, ku gwada layukan nan biyu kafin ku zauna. Amma ku san halin mutanen da ke ɗaya gefen wayar. Da ban san yadda Baba ke magana kullum ba, da na tsaya tambaya, kuma ran nan babu sararin tambaya.