Soron Malam Bukar Mai Ƙofa Biyu

Ku taho, don Allah ku saurare ni yanzu! Ke Rabi, ajiye tsintsiyar nan ki ɗauko abin rubutu, ni ban yi boko ba. Yanzun nan aka aiko wai Malam Bukar ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Rubuta yadda na faɗa. Lungun nan namu na bayan marinar Ƙofar Mata, tun da aka kawo ni amarya haka na same shi: kwata shuɗiya, ƙarar masu bugu tun da safe, in jaki ya shigo da kaya sai ka manne da bango. Kwanar gidan liman kuwa makara ba ta iya juyawa. Shi ya sa kakan Malam, da ya zo daga Barno, ya yi wa soronsa ƙofa biyu, ɗaya ta lungu ɗaya ta titi. Duk wanda ya rasu a lungun nan ta soronsu yake fita. Maigidana ta nan ya bi. 'Ya'yana biyu ma haka.

Malam bai taɓa sa wa ƙofar nan kwaɗo ba. In za a wuce da gawa, da kansa yake naɗe tabarmarsa, ya ɗauke buta da hannun nan nasa da shunin baba ya rine, ya tsaya gefe. Ranar da ba rasuwa kuma mu ne 'yan ratse, da tallanmu da surutunmu. Sai ya ce, "Iya Abu, kun fi mamata damuna, su ba sa taka min takalmi." In ce, "To rufe mana!" Ya yi dariya ya ce, "Ni na fasa ta da zan rufe?"

Ya yi zamansa lafiya da kowa, ya tafi lafiya. Allah Ya jiƙansa, Ya buɗe masa kamar yadda ya buɗe mana, Ya ba iyalinsa haƙuri.

Ga abin da yake ba ni tsoro. Na ji 'ya'yansa suna cewa soron zai yi shago biyu. In suka toshe, ni fa? Ta kan katanga za a miƙa ni kamar damin dawa? Tafiyar ba ta dame ni ba, na ƙoshi da duniya, alhamdu lillahi. So nake in bi ta inda nawa suka bi.

Kada ku fara kai wa mazan gidan takardar nan. Ku fara da yayar Malam, Hajiya Yagana, ku karanta mata da ƙarfi ta kunnen dama. Ita in ta ce a'a, ba mai ɗora bulo.